Shinkafa a Bola, Maƙwabci da Yunwa

Assalamu alaikum 'yan'uwana samari da 'yammata. Ranar Asabar da ta wuce na halarci walimar wani biki, kuma har yau abin da na gani yana ci mini rai. Da aka watse, sai ga yaran masu girki suna juye kuloli cikin manyan ledoji: dafa-duka, soyayyiyar kaza da aka gutsiri cinya aka ture, waina da sinasir ko taɓa su ba a yi ba, duk aka cakuɗa da ƙasusuwa da robobin lemo aka nufi bola. A bakin ƙofa kuwa almajirai ne tsaye da robobinsu, mai gadi yana korarsu da sanda.

Don Allah wannan wace irin burga ce? Mutum ya cika faranti taf, ya ɗauki hoto ya ɗora a Instagram, ya yi loma uku ya ture. Wai cinye abinci tas ƙauyanci ne. Ido ba mudu ba, amma ya san kima. Ka san cikinka, me ya sa za ka ɗebi na mutum uku? Allah ya ce mana a Suratul A'araf, aya ta 31, mu ci mu sha amma kada mu yi ɓarna. A Suratul Isra'i kuwa ya kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Mun haddace ayoyin tun muna Islamiyya, amma da mun ga kula a buɗe sai mu manta.

Kuma a wane lokaci muke wannan ta'asa? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabo. Akwai gidajen da sai dare ake ɗora tukunya, akwai waɗanda ba a ɗorawa sam. Shinkafar nan da kake turewa, je ka Kura ta jihar Kano ka ga yadda ake samunta. Manomi ya yi dashe cikin taɓo har gwiwa, yaransa su wuni suna korar tsuntsu, a yanka, a buga, mata su turara su shanya, sannan a kai inji. Duk wannan wahala ta ƙare a kwata, saboda ɗan gaye ba ya son a ce ya sha miya.

Ba a wajen biki kaɗai ba. A gidajenmu ma, tuwo ya kwana sai yarinya ta yatsine fuska ta ce ita ba ta cin ɗumame, a ba ta kuɗin Indomie. Ƙanzo kuwa ko sunansa ba a son ji. Ga kuma waɗannan robobin da ake raba abinci a ciki, su ne suke toshe mana magudanan ruwa, damina ta zo mu hau zagin gwamnati. Bari ma in yi shiru a kan masu cin bashi su yi dina don ganin ido, wata biyu da biki ango yana ɓuya wa mai shago.

Ku yi wa kanku faɗa. Ɗebi abin da za ka iya cinyewa. In ya yi saura, ai ka san gidan da ake bukata a layinku.

Iyayenmu ba su da firij, amma ba su zubar da abinci. Tuwo ya kwana a yi ɗumame, ƙanzo a jiƙa a yi kwaɗo, kuɓewa da kuka da zogale a shanya a daka don rani, dusa da ruwan wankin hatsi a ba akuya. Da magariba ta yi za ka ga yara suna ratsa lungu da kwanon ciyayya, wannan gida ya aika wancan, wancan ya maido da nasa. Magidanta su fito da akushi zaure, baƙo da matafiyi duk su sa hannu. Annabi (SAW) ya umarci Abu Zarr da cewa in ya dafa miya ya yawaita ruwanta ya tuna da maƙwabta, kuma haka iyayenmu suka rayu. Sun san kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu.

Yanzu zauren an mayar da shi shago, an ja doguwar katanga an sa ƙofar ƙarfe. Maƙwabci zai kwana uku bai hura wuta ba, babu wanda ya sani a layin, balle a aika masa ko da kokon kunu.