Uzurin Saul a Gilgal

Mafi yawan matsin da ke kan mai bi yana jiran jagorar Allah daga masoyansa yake zuwa. Uwa ce mai tambayar "to, sai yaushe?", ko dattijon ikilisiya da zai ja ka gefe bayan sujada ya ce, "Ɗana, mu ma addu'ar muke yi, amma fa shekaru ba sa jira." Da maƙiyi ne, da ka toshe kunne. Waɗannan kuwa ƙaunarka suke yi, kuma sau da yawa akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu.

Shi ya sa labarin Saul, sarkin Isra'ila, a 1 Sama'ila sura 13 ke tayar mini da hankali. An ce masa ya jira annabi Sama'ila kwana 7 a Gilgal, shi annabin zai zo ya miƙa hadaya. Filistiyawa sun kafa sansani a Mikmash, Isra'ilawa na ɓuya cikin kogwanni da ramuka, wasu ma sun haye Kogin Urdun. Kwanakin suka cika, annabi shiru. Sai Saul ya miƙa hadayar ƙonawa da kansa, yana gamawa sai ga Sama'ila.

A duba uzurinsa da kyau: jama'a na watsewa, annabi bai zo kan lokaci ba, abokan gaba sun taru. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Yau ma da za a kai wannan hujja gaban kwamitin ikilisiya, ina tsammanin da yawa za su yaba masa da hangen nesa. Amma abin da ya motsa hannunsa shi ne ganin ƙeyar mutane suna tafiya. Ya rasa alkawarin dawwamar sarauta a gidansa, da ya ƙirga mutanen da suka rage masa kuma, kimanin 600 ne kacal.

Yesu ma ya sha irin wannan a cikin gida. A Yahaya sura 7, 'yan'uwansa suka matsa masa ya tafi Yahudiya lokacin Idin Bukkoki ya nuna kansa ga duniya. Ya ce lokacinsa bai yi ba tukuna. Daga baya ya tafi, a ɓoye, ba bisa tsarinsu ba.

Sai dai ban yarda da wanda ya mai da "ina jiran Ubangiji" mafakar lalaci ko tsoron yanke shawara ba. Irinsu na nan birjik, ba sa neman aiki, ba sa jin shawarar kowa. Manzo Bulus bai yi haka ba. A Ayyukan Manzanni sura 16, Ruhu ya hana shi wa'azi a Asiya, ya nufi Bitiniya aka sake tare shi, bai zauna ba, ya gangara Taruwasa. A can, yana kan hanya, wahayin wani mutumin Makidoniya mai roƙonsa ya haye ya taimake su ya same shi.

Ga iyaye da dattawa kuwa, shawararku na da muhimmanci, ku bayar. Amma in kun faɗa sau ɗaya an ji, maimaita ta kowace Lahadi tura yaro ne ya amsa "na yarda" don kawai a ƙyale shi ya huta.