Ba rabon Afirka ne ya haddasa Yaƙin Duniya na Ɗaya ba

Idan aka tayar da zancen musabbabin Yaƙin Duniya na Ɗaya a azuzuwan tarihi ko a majalisun hira na nan Kano, amsa biyu aka fi ji. Wasu su ce wani saurayi ɗan shekara 19, Gavrilo Princip, ɗan ƙabilar Sabiyawa daga Bosniya, ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, tare da matarsa a birnin Sarayebo ranar 28 ga Yuni, 1914. Wasu kuma, waɗanda ke ganin sun fi zurfafa bincike, su ce Turawa ne suka yi faɗa a kan rabon ƙasashenmu. Amsar farko kowa ya san ba ta wadatar ba, domin ruwa ba ya tsami banza, kuma an sha kashe manyan masu mulki a Turai a waɗancan shekaru ba tare da duniya ta kama da wuta ba. Amsa ta biyu ce ta fi shiga ranmu, tun da mu aka raba, amma ita ma, a ganina, ba ta tsaya da ƙafarta ba.

A duba waɗanda suka fi kowa tsamin dangantaka a kan mulkin mallaka. Ingila da Faransa sun kusa gwabzawa a Fashoda, a bakin kogin Nilu, a 1898, kuma tsoron kada Faransawan da suka kafu a Damagaram su gangaro kudu yana cikin abin da ya sa Lugga ya gaggauta turo mayaƙansa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Amma shekara guda kacal bayan faɗuwar Kano, a watan Afrilun 1904, ƙasashen biyu suka zauna suka sasanta: Masar ta zama ta Ingila, Maroko aka bar wa Faransa, har aka gyara iyakar da ke arewa da Sakkwato da Katsina domin Faransawa su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi. A 1907 Ingila ta yi irin wannan sulhu da Rasha a kan Farisa da Afganistan da Tibet. Ke nan manyan masu rububin ƙasashen mutane su ne suka tsaya a sahu ɗaya a 1914. Har rigimar Maroko ta 1911, lokacin da Jamus ta tura jirgin yaƙi tashar Agadir, da ciniki aka kashe ta, aka yanko wani yanki na Kwango ta Faransa aka ƙara wa Kamaru, wadda ke hannun Jamus a lokacin. Ƙasar Afirka a wurinsu haja ce da ake iya musaya, kuma ba a cika zubar da jinin miliyoyin 'ya'yan gida saboda abin da za a iya daidaita farashinsa ba.

Abin da suka kasa daidaitawa shi ne tsoron juna a cikin Turai kanta. Tun da Jamus ta haɗe ta zama ƙasa ɗaya a 1871, bayan ta doke Faransa ta ƙwace Alsace da Lorraine, ma'aunin ƙarfi ya karkace. Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya san haka, shi ya sa ya yi ta lallaɓa Rasha don kada ta haɗa kai da Faransa. Da Sarki Wilhelm na Biyu ya sallame shi a 1890 aka bar yarjejeniyar da ke tsakanin Jamus da Rasha ta mutu, kuma zuwa 1894 abin da ake gudu ya auku, Faransa da Rasha suka ƙulla ƙawancen soja, Jamus ta wayi gari da abokan gaba gabas da yamma. Maimakon ta nemi kwantar wa Ingila hankali, sai ta shiga ƙera manyan jiragen ruwan yaƙi daga 1898, alhali Ingila tsibiri ce da abincinta ma ta teku yake zuwa. Ingila ta mayar da martani da jirgin Dreadnought a 1906, ta kuma ci tseren, amma zargin da ya shiga tsakani bai fita ba.

Wurin da ya fi cancantar a tsaya shi ne yadda kowace daula take kallon lokaci. Hafsoshin Jamus suna ganin Rasha, wadda Japan ta kunyata a 1905, tana farfaɗowa da sauri, tana shimfiɗa layukan dogo zuwa iyakarta ta yamma da bashin da Faransa ke ba ta, tana kuma da shirin faɗaɗa rundunarta wanda zai kammala wajen 1917. Lissafinsu shi ne yaƙin da za a iya ci a 1914 ba za a iya cin sa bayan shekara uku ba. Ostiriya da Hangari, daula mai tattare da ƙabilu fiye da goma, tana ganin Sabiya ta kusa ninka girmanta a yaƙe-yaƙen Balkan na 1912 da 1913, tana kuma zuga 'yan uwanta Silabawa da ke ƙarƙashin Biyana, babban birnin Ostiriya. A ganin daular, idan ba a murƙushe Sabiya yanzu ba, ita ce za ta wargaje. Rasha kuwa ta haɗiye wulaƙanci a 1908 lokacin da Ostiriya ta haɗe Bosniya, kuma masu mulkinta sun ƙudurta cewa sake ja da baya zai zubar da ƙimarta gaba ɗaya. Kowanne cikinsu ya ɗauki kansa a matsayin mai kare kai, kuma babu mai wuyar shawo kai kamar mai ƙarfin da ya gaskata cewa gobe zai fi yau rauni.

Sai kuma tsare-tsaren sojoji, waɗanda suka ƙwace linzami daga hannun 'yan siyasa. Shirin yaƙin Jamus, wanda ake dangantawa da Schlieffen, tsohon babban hafsan sojojinta, ya ginu ne a kan a ratsa ta Beljiyam a gama da Faransa cikin kimanin mako shida kafin Rasha ta gama tara dakarunta, kuma duk an ɗaure shi da jadawalin jiragen ƙasa, tarago bayan tarago. Saboda haka ranakun suka riƙa bin juna ba numfashi: a farkon Yuli Jamus ta ba Ostiriya tabbacin goyon baya ba tare da sharaɗi ba, ranar 23 Ostiriya ta miƙa wa Sabiya, wadda take zargi da hannu a kisan yariman, wa'adin sa'a 48, ranar 28 ta shelanta yaƙi, ranar 30 Rasha ta ba da umarnin tara sojojinta baki ɗaya, ranar 1 ga Agusta Jamus ta shelanta yaƙi a kan Rasha, ranar 3 a kan Faransa, ranar 4 ta shiga Beljiyam, Ingila kuma ta shigo. Sarakunan Jamus da Rasha, waɗanda dangin juna ne, suna ta aika wa juna saƙon telgiram a waɗannan kwanaki, amma zumuncin bai tsayar da jirgi ko ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin laifin kowa daidai yake. Biyana ce ta zaɓi yaƙi da Sabiya da gangan, Balin, babban birnin Jamus, kuma ta ɗaure mata gindi tana sane da cewa Rasha na iya shigowa. Ba a kuma ce ƙawance sarƙa ce da ba ta tsinkewa ba, domin Italiya, wadda ke cikin ƙawancen Jamus da Ostiriya tun 1882, ta noƙe a 1914, ta koma ɗaya ɓangaren a 1915.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce mulkin mallaka ne ya koya wa Turawa girman kai da raina jinin mutane, ya kuma cusa wa Jamus jin cewa an yi rabo ba ta sami kaso mai tsoka ba. Wannan gaskiya ne, kuma ya ƙara dagula zukata. Sai dai rawar da ƙasashenmu suka taka ta fi bayyana bayan an fara harbi. Wata takwas bayan haɗe Arewa da Kudu a Janairun 1914, sojojin rundunar Najeriya, da yawansu Hausawa, suna fafatawa da Jamusawa a Garwa da ke arewacin Kamaru, inda harin farko ya ci tura, dutsen Mora kuma bai miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916, daga nan aka kwashi wasu zuwa Afirka ta Gabas. Da aka gama, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a matsayin ganima, kuma ta wannan rabo ne Dikwa da Mubi suka shigo hannun Ingila, har ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta tabbatar da su a cikin Najeriya.