Wayar da ka saya da kuɗinka, makullinta na hannun wa?

Tun daren jiya raina bai huce ba. Waɗanda muke tare a majalisar Ƙofar Ƙaura sun san da wanda nake, ba sai na kama suna ba. Yaro ya shafe wata huɗu yana hana idonshi barci, ba wanda ya ba shi ko sisi, ya kawo abin da ya haɗa cikin zumuɗi, kai kuma babba da furfurarka ka dube shi a gaban jama'a ka ce, "Tarkace ne, da abin kirki ne da na gan shi a App Store." Haba Alhaji! Ko da gaskiya ce ba haka ake faɗa wa yaro ba, balle ma ba gaskiya ba ce.

Ɗan ƙanwata ne, ba zan ɓoye ba, amma ko ɗan wani ne haka zan ce. Karatun da malamin unguwarmu ya yi shekaru yana bayarwa tsakanin magariba da isha'i ya bi ya tattaro daga tsofaffin memori da wayoyin mutane, ya tace sautin, ya jera shi babi-babi, ya mayar da shi manhaja mai aiki ko babu data. A kan tabarma ya ajiye wayarshi ya buɗe Xender. Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai waya tara sun karɓa, har da ta maigadin layinmu, wata itel da gilashinta ya tsage aka ɗaure ta da roba. Tsohon ya kara ta a kunne, ya ji muryar malam tana fita tas, sai ya hau murmushi yana ta faɗin "ikon Allah, ikon Allah". Nan ne Alhaji ya miƙo tashi iPhone ɗin ya ce a sa mashi. Yaro ya russuna ya ce, "Baba, ba za ta shiga ba, irin taku ba ta karɓar manhaja sai ta shagonsu." Sai aka yaɓa mashi waccan maganar. Ya mayar da wayarshi aljihu, shayinshi ma a nan ya bar shi ya huce.

To ni tambayata guda ce, kuma ita zan yi ta nanatawa har a gaji da ni. Wayar nan da ka zuba sama da naira miliyan ɗaya ka saya, makullinta na hannun wa? Kai ka so karatun. Mai karatun ya yarda. Wanda ya haɗa manhajar yana durƙushe a gabanka. Duk wanda abin ya shafa ya amince, amma wani kamfani da ke can Kalifoniya a Amurka, wanda bai san malam ba, bai san Katsina ba, shi ya ce a'a, kuma a'ar tashi ce ta zauna. Maimakon ka ji zafin wannan, sai ka huce a kan yaro. Ka sayi gida, ka biya lakadan, an ba ka takarda, amma magini ya riƙe makullin zaure, shi ke zaɓar baƙon da zai shigo maka. A garin nan wa zai yarda da irin wannan ciniki?

Tun 2008 da Apple, kamfanin da ke yin iPhone, ya buɗe App Store, shagon manhajojinshi, haka tsarin yake, ƙofa ɗaya ce, kuma su ne masu gadi. Kafin yaron nan ya sa manhajarshi a can sai ya biya dala 99, kuma kowace shekara sai ya sake biya. Ku buga lissafin da kanku, ta haura naira dubu ɗari nesa ba kusa ba, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake dubu 70. Sannan kayan aikin da Apple ya tanada don haɗa manhajar, Xcode, a kwamfutar Mac kaɗai yake aiki. Yaron da tsohuwar laftof ɗinshi sai an jingina ta da bango saboda marfin ya karye, ina zai samo Mac? Ko da ya samu aro ya ɗora wa Alhaji ta hanyar gwaji ta kyauta, bayan kwana bakwai manhajar za ta daina buɗewa sai an sabunta. A ɓangaren Google, mai Android da shagon Play Store, dala 25 ce, sau ɗaya. Kuma ko bai biya ba, fayil ɗin manhajar, wato APK, na hannunshi, ya tura wa wanda ya ga dama, kamar yadda ya yi jiya. Saboda haka rashin ganin manhaja a App Store bai nuna ingancinta ko rashinshi ba. Abin da ya nuna kawai shi ne mai ita ba shi da dala.

Na san masu cewa ai kamfaninsu ne, su yi yadda suka so. Manyan da suka fi mu kuɗi ma ba su haɗiye wannan ba. A 2020 kamfanin Epic, masu wasan Fortnite, suka ƙi yarda da kashi 30 cikin ɗari da ake yanka daga cinikin da aka yi a cikin manhaja, suka sa tasu hanyar biya. A rana ɗaya Apple da Google duk suka cire wasan daga shagunansu. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Mai Android ya ci gaba da sauke wasan kai tsaye daga wurin masu shi. Mai iPhone kuwa sai kallo. Hukunci iri ɗaya aka yanke masu, ɗaya yana da ƙofar baya, ɗaya babu.

Kuma kada wani ya ce mani abin ba ya yiwuwa ne. Da Tarayyar Turai ta kafa doka, a 2024 Apple ya buɗe wa mutanenta damar amfani da wasu shagunan manhaja. Haka maganar caja, sai da dokar Turai ta matso kafin iPhone 15 ta fito da bakin USB-C a 2023, irin wanda wayoyin Android suka daɗe da shi. Wato makullin yana nan, ana iya miƙa shi, wanda gwamnatinshi ta tsaya mashi ake ba. Bature a Faransa da Alhaji a Katsina waya iri ɗaya suka riƙe, amma ba iko iri ɗaya suke da shi a kanta ba. Wannan bai dame ka ba, manhajar yaro ce ta dame ka?

Sai maganar ƙarko, wadda ita ce kullum ake fakewa da ita. "Ai iPhone ba ta daskarewa, ai tana daɗewa." Ban musa ba. Waya ce mai kyau, kyamararta ba ta da na biyu a wurin mutane da yawa, kuma suna daɗewa suna aika mata sabuntawa. iPhone 6s ta fito a 2015, har 2021 tana karɓar sabon tsari. Wayoyinmu masu araha da yawa shekara biyu ma da ƙyar suke samu, wannan abin kunya ne, na faɗa. Amma Google da Samsung yanzu shekara bakwai suke alƙawari a manyan wayoyinsu, tazarar ta ragu. Sannan a ina ake auna ƙarkon? Ni a nan nake auna shi, a watan Afrilu, rana na dukan kwano, wuta ta kwana biyu ba ta zo ba. Ɗan kasuwar da zai tashi da asuba ya tafi Mai'aduwa ranar Lahadi ya dawo bayan isha'i, batirin da zai kai shi ya dawo da shi yake nema, da layi biyu, in wannan ya ɗauke wancan ya kama. Kamfanin Transsion na Caina, mai Tecno da Infinix da itel, da wannan ya cinye kasuwar Afirka: layi biyu, babban batir, da kayan gyara a kowane lungu. In gilashinta ya fashe, kafin la'asar mai gyara ya canza maka. Apple kuwa ko shagonshi na kanshi guda ɗaya babu a duk faɗin Afirka.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mafi yawan iPhone da ke hannun matasanmu ba sababbi ba ne, 'yan Landan ne da wani ya gama cin moriyarsu. Batir ya gaji, yaro na yawo da pawa bank kamar an ɗaura mashi ƙarin ruwa. Wata kuma ka sake saita ta kawai sai ta nemi asusun iCloud na mai ita na farko, wanda ba ka san ko a wace ƙasa yake ba, shi ke nan ta zama dutse. Na san dalilin wannan kullen, tun 2013 aka kawo shi don karya kasuwar ɓarayi, Android ma tana da irinshi, kuma yana da amfani. Amma wanda ya saya da halalinshi a hannun ɗan kasuwa marar tsoron Allah, wa zai kai wa kuka? A ƙarshen 2017 kuma Apple da bakinshi ya amsa cewa yana rage wa tsofaffin wayoyi gudu in batirinsu ya yi rauni, ya ce don kada su riƙa mutuwa ne. Wataƙila dalilin mai kyau ne. Amma ba a tambayi masu wayoyin ba, ba a ma sanar da su ba, har Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020. Mun sake dawowa kan tambayar: makullin na hannun wa?

Mu Katsinawa bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Kun manta watan Satumba na 2021, da aka datse sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro? Jibiya, Batsari, Safana, Ƙanƙara, har Funtuwa da Malumfashi. Wata da watanni mutane ba kira ba intanet. A irin wannan hali shagon manhaja ba shi da wani amfani, don ba ka da hanyar isa gare shi. Abin da ya rage shi ne waya ta tura wa waya, memori ya zaga hannu-hannu. Wanda ya shigo birni ya sauke, ya koma gida ya raba. Wayar da ba ta iya karɓar manhaja daga maƙwabciyarta sai da izinin wani a ƙetaren teku, ba da irin rayuwarmu aka auna ta ba.

Yanzu za a taso mani da maganar tsaro, wai Android kowane shara shiga yake. Na ji. Na ga matan da suka rasa layin WhatsApp ɗinsu saboda yaron shagon caji ya ɗora masu GB WhatsApp, wadda ba ta asali ba ce. Na ga manhajojin bashi da suka kwashe lambobin mutum suka bi danginshi da saƙon cin mutunci. Sai dai ku tuna, da yawan waɗannan manhajojin bashin a cikin Play Store suke zaune, shago mai maigadi, sai a 2023 Google ya hana su taɓa lambobi da hotunan mutane. Ashe maigadi ma barci na ɗaukarshi. Kuma ɗan damfarar da ke kira ya ce daga banki yake, a karanto mashi lambar da aka turo, bai taɓa tambayar wace waya ke hannunka ba. Mai iPhone ya karanta, mai itel ya karanta. Maganin wannan ilimi ne, a koya wa mutane abin da za su ɗora da wanda za su ƙi. Don ana sata a kasuwa ba a cewa kowa ya kawo kuɗinshi Sarkin Kasuwa ya riƙa yi mashi cefane.

Ba kuma wai na ɗauki Google waliyyi ba ne. Da bayananmu yake kasuwanci, kowa ya sani. A 2019 da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sababbin wayoyinshi suka koma fitowa babu Play Store, babu Gmail, wannan ya nuna buɗewar Android ma tana da iyaka. A 2025 kuma Google ya sanar cewa zai fara neman duk mai haɗa manhaja ya yi rajista da shi ya nuna shaidar ko shi wane ne, ko da ba ta Play Store zai raba ba. Wannan ya tayar mani da hankali ƙwarai, don hanyar da yaron nan ya bi jiya ita ake lallaɓowa a sa wa shinge. Ranar da suka rufe ta, da wannan bakin zan faɗa masu abin da na faɗa wa Apple. Ni ba kamfani nake karewa ba, ikon mai waya a kan wayarshi nake karewa.

Alhaji, ka riƙe wayarka, Allah ya sa ka more ta, ba wanda ya ce ka yar. Amma yaron nan yana bin ka bashin ban haƙuri, kuma a gaban waɗanda ka kunyata shi. Da safen nan na leƙa ɗakinshi na tarar yana neman yadda zai mayar da karatun shafin intanet, wai don masu irin wayarka su ma su samu. Ka ji wanda ka ce wa mai tarkace.

Af, tunda maganar makulli ake, akwai abin da ya daɗe yana ci mani rai. Bara wani maƙwabcinmu ɗan kasuwar hatsi ya rasu, Allah ya jiƙan shi. Duk lissafin waɗanda yake bi da waɗanda ke bin shi a waya yake rubutawa, kuma ba wanda ya san lambar buɗe ta, ko matarshi. Aka zo rabon gado, wannan ya ce yana bin buhu goma, wancan ya ce ya biya tun kaka, ba takarda ba shaida. Apple da Google duka suna da wurin da mutum zai sa sunan wanda za a ba bayananshi in ta Allah ta kasance, amma a majalisarmu da na tambaya ba ko mutum ɗaya da ya taɓa jin labarin. Ina ma limamanmu za su taɓo wannan a huɗuba ko sau ɗaya, don maganar bashi ce a kan mamaci. Wayar tana nan a durowar matar, ta naɗe ta a ɗankwali, duk sati sai ta sa yaro ya kai ta caji.