Ku Biya Masu Hasumiya Kafin Ku Yi Mana Zancen Cefanar da Sama

Ranar Juma'a 7 ga Nuwamba, 2025, na tashi da asuba a garin da nake zaune a Amurka, na ɗaure kaya, na kama hanyar filin jirgi da matata da yaranmu biyu. Ranar Lahadi za a ɗaura auren ƙanwata a gida, kuma ni ne waliyyi tun da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Wata goma na yi ina tara kuɗin tikiti, hutun da aka ba ni a wurin aiki kuma kwana tara ne cif. Tafiyar zango biyu ce: ƙaramin jirgi ya kai mu babban birni, daga can mu hau wanda zai tsallaka teku. Muna kan layi saƙo ya shigo waya cewa an soke jirgin farko. Babban ya tashi da daddare a kan lokacinsa, kujerunmu huɗu babu kowa a kai.

Awa uku na yi a tsaye kafin na isa gaban ma'aikaciyar kamfanin. Ta ce gurbi na gaba sai Litinin. Na ce masauki fa, ga yara? Ta ce ba laifin kamfani ba ne, don haka ba su da alhakin otal, in ina so a mayar mini da kuɗina. Me zan yi da kuɗi? A kan daɓen filin jirgin muka kwana, ƙaramar tana kuka, babban ya yi matashi da jakar lefen da na yi alkawarin ƙarawa. Ranar Lahadi a waya na kalli ɗaurin auren, Baffa ya tsaya a madadina. Da yamma amaryar ta kira ni, ta ce, "Yaya, ba komai, haka Allah Ya so." Muryarta na rawa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Allah ne Ya so, na yarda. Amma mutane ne suka aikata, kuma ga yadda aka yi. Tun 1 ga Oktoba ayyukan gwamnatin tarayya suka tsaya saboda 'yan siyasa sun kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi. Kwana 43 aka yi a haka, ba a taɓa yin mai tsawonsa ba a tarihin ƙasar. Masu kula da zirga-zirgar jirage, mutanen nan da ke zaune a hasumiya da ɗakunan radar suna gaya wa matuƙi ya hau ko ya sauka, ya karkata dama ko hagu, doka ta tilasta musu zuwa aiki, albashi kuma babu. Su kuwa 'yan majalisar da suka haddasa rikicin albashinsu bai tsaya ko na rana ɗaya ba. Da mutane suka fara gajiya, wasu na neman aikin gefe don biyan haya, wasu na cewa ba su da lafiya, sai hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba da umarnin rage jiragen cikin gida a manyan filaye 40, aka fara da kashi 4 cikin ɗari a ranar da zan yi tafiya. Jiragen ƙetare ba a taɓa su ba. Ban ga laifin ragin ba, gara a soke jirgi da a bar wanda bai yi barci ba, bai san abin da 'ya'yansa za su ci ba, yana jan ragamar rayuka ɗaruruwa. Laifin na wanda ya kai mu ga haka ne.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne, ƙurar ba ta ko lafa ba sai ga tsohon zancen ya dawo a jaridu da gidajen talabijin: a cefanar da aikin kula da zirga-zirgar jirage, a raba shi da gwamnati, a miƙa wa kamfani. Wato ka hana doki harawa na wata guda da rabi, ya faɗi, sannan ka tara jama'a ka ce ku gani, dokin gwamnati ba ya iya gudu, a sayar.

Kuma ba kuɗin ne babu ba. Duk tikitin cikin gida da ka saya a Amurka akwai harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kansa, ban da wasu ƙananan kuɗaɗe, suna shiga wani asusu na musamman da aka kafa tun 1970 don filaye da hanyoyin sama. Asusun na nan, amma ba a taɓa shi sai majalisa ta sa hannu duk shekara. Mu muna biya kullum, mai hasumiya na aiki kullum, a tsakiya wasu sun riƙe makulli suna ciniki da shi kan batutuwan da ba ruwansu da jirgi. An yi haka a 2013 lokacin da aka zaftare kasafi aka tura ma'aikata hutun dole. An sake a ƙarshen 2018 zuwa Janairun 2019, kwana 35, kuma ba a buɗe gwamnati ba sai ranar da ƙarancin ma'aikata ya tsayar da jirage masu zuwa LaGuardia a New York. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba na musun cewa tsarin ya lalace. Jirage kimanin 45,000 ake kula da su a kullum, ga giɓin ma'aikata kusan 3,000. Da yawansu kwana shida suke yi a mako, awa goma a rana. Ba aikin da ake ɗaukar mutum yau ya fara gobe ba ne: dole ka nema kafin ka cika shekara 31, ka je makarantar horo a Oklahoma, ka yi shekaru kana koyo a ƙarƙashin wani, ka ajiye aiki kana shekara 56. Kayan aiki kuma abin kunya ne. A ƙasar da ke alfahari da ƙere-ƙere har yanzu akwai hasumiyoyin da ke rubuta bayanan jirgi a kan 'yan guntayen takarda, akwai na'urorin da ke aiki da faifan fulofi, tsohon faifan ajiyar bayanan kwamfuta. A Janairun 2023 manhajar da ke aika wa matuƙa gargaɗi ta mutu, aka tsayar da tashin jirage a duk ƙasar, abin da ba a yi ba tun 11 ga Satumban 2001. Ranar 28 ga Afrilun 2025 masu kula da jiragen filin Newark da ke kusa da New York, waɗanda ke zaune a Filadelfiya, suka yi kusan daƙiƙa 90 ba sa ganin jirage, ba sa jin matuƙa. Wasunsu sai da suka ɗauki hutu saboda firgita. Kafin nan, 29 ga Janairu, jirgin fasinja da helikwaftan soja suka yi karo a kan kogin Potomac a Washington, mutum 67 suka rasu, kuma a daren mutum ɗaya ne ke riƙe da aikin jirage da na helikwaftoci a hasumiyar. Duk na sani. Tambayata ita ce, wanne daga cikin waɗannan ne canza sunan mai gida zai gyara?

Masu son cefanarwa kullum Kanada suke nunawa, kuma in za a yi adalci suna da abin faɗa. A 1996 Kanada ta miƙa aikin ga Nav Canada, kamfanin da ba na neman riba ba, wanda ke karɓar kuɗinsa kai tsaye daga jiragen da ke amfani da sama. Rikicin majalisa ba ya tsayar masa da albashi, ya kuma riga Amurka sabunta kayan aiki. Wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin duk wanda ya kwana a daɓe irina. Shi ya sa ita kanta ƙungiyar ma'aikatan, NATCA, ta goyi bayan ƙudirin da ɗan majalisa Bill Shuster ya kawo a 2016 da 2017, wanda Shugaba Trump ya mara wa baya a watan Yunin 2017. Ba na zarginsu. Wanda aka sha hana wa haƙƙinsa, duk ƙofar da aka nuna masa zai leƙa.

Amma a duba abin da ke cikin ƙudirin. Nav Canada dala biliyan 1.5 ta Kanada ya biya kafin ya karɓi kayan. Ƙudirin Shuster kyauta zai miƙa hasumiyoyi da na'urorin da talakawa suka gina da harajinsu, ga kamfanin da kamfanonin jirage za su samu kujeru a hukumar gudanarwarsa. Su wa? Waɗanda suka dube ni da yara biyu cikin dare suka ce ba su da alhaki a kaina? Su ne za su zauna a teburin da ake yanke wane gari za a sabunta wa na'ura, wane za a bari, nawa za a caji kowa? Masu ƙananan jirage da mutanen ƙananan garuruwa sun gane inda aka dosa, suka tayar da ƙayar baya, a Fabrairun 2018 Shuster ya janye. Ba a ba kura ajiyar nama.

Sannan cefanarwar ba ta hana abin da ake tsoro. Birtaniya ta sayar da wani ɓangare na NATS, hukumarta mai kula da zirga-zirgar jirage, a 2001, gwamnati ta riƙe kashi 49, gungun kamfanonin jirage suka ɗauki babban kaso. Ba a yi wata uku ba harin 11 ga Satumba ya rage zirga-zirga, kuɗin shiga ya faɗi, sai da aka sake zuba kuɗi aka ceto shi, har da na gwamnati. Ranar 28 ga Agustan 2023 kuma takardar tsarin tafiyar jirgi ɗaya tak ta rikita kwamfutarsu, babbar da ta ko-ta-kwana duka suka tsaya, fasinjoji sama da 700,000 suka shiga halin da na shiga. Ita ma Nav Canada da annobar korona ta zo jirage suka daina tashi, sai ta ƙara kuɗinta da kusan kashi 30 cikin ɗari ta sallami ma'aikata. Duk wanda cikinsa ya dogara ga yawan jirage, ranar da jirage suka ragu ma'aikaci zai fara taɓawa, shi kuwa wannan ma'aikacin ba a samun madadinsa a kasuwa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mu da muka taso a Najeriya ba sai an ba mu labari ba, da kunnenmu muka ji alkawuran da aka yi lokacin da aka cefanar da wutar lantarki a 2013, kuma mun san sau nawa muke kiran gida a ce mana waya ba caji.

Giɓin ma'aikatan ma ba jiya ya fara ba. A Agustan 1981 Shugaba Reagan ya kori sama da 11,000 a lokaci guda saboda yajin aiki. Aka ɗebi sababbi da yawa a 'yan shekaru, suka tsufa tare, suka yi ritaya kusan tare. Shekara 25 kowa na ganin ranar na tafe. Wannan ba matsalar wa ya mallaki hasumiya ba ce, sakaci ne na mutanen da ba sa hangen abin da ya wuce zaɓe mai zuwa.

A Yulin 2025 majalisa ta ware dala biliyan 12.5 don sabunta kayan aiki, ministan sufuri Sean Duffy ya ce aikin gaba ɗaya zai ci sama da biliyan 31, ya kuma ce ba zai ɓata lokaci kan rigimar cefanarwa ba. Madalla. Amma wata uku bayan nan aka bar mutanen da za su yi aiki da sababbin na'urorin ba albashi. Wane matashi ne zai ga haka ya ce shi ma wannan aikin zai nema?

Abin da nake nema ba shi da wuya. A yi doka cewa ko an rufe gwamnati ko ba a rufe ba, albashin masu hasumiya da masu gyaran na'urori ya fita daga asusun da muke zuba wa haraji. A ba aikin kasafin shekaru da yawa yadda za a sayi kaya a kammala, ba a fara a tsaya ba. In ma za a raba shi da ma'aikatar sufuri, a bar shi mallakar jama'a kamar yadda Jamus ta yi tun 1993, kada a sa kamfanonin jirage a kan kujerar alƙali. Na rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu wannan maganar, na haɗa da hoton yarana a kwance a ƙasa da hoton tikitin da ke nuna harajin da na biya. Ƙanwata ta tare, na je bayan kwana biyu na tarar an kwashe rumfuna, Hajiya ta ajiye mini goro da alawar ɗaurin auren a cikin leda.