Rodi Mai 12 a Gurbin Mai 16, Kuma Babu Mai Hanawa

A makon jiya aka kori wani matashin injiniya mai rajista daga wani gini mai hawa uku a bayan gari a Kano. Laifinsa, ya ce kada a cire katakon da ke tallafe da dakin, wato rufin kankare na bene, don kwana 8 kacal ke nan da zuba kankare. Duk wanda ya san aikin ya san kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya kwana 28, kuma ba a taɓa turakun ƙarƙashin dakin kafin kamar mako uku.

"Alhaji, ranka ya daɗe, a ƙara haƙuri na mako biyu."

Alhaji ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. "Hayar katakon nan kai kake biya?"

"A'a, Alhaji. Sannan ga rodin ginshiƙai. Zane ya ce mai 16 guda shida, na tarar an ɗaure mai 12 guda huɗu."

Sai a nan Alhaji ya ɗago, amma ba shi ya kalla ba. Birkilansa ya kalla, ya ce, "Injiniya, ka ji abin da yaron nan yake faɗa?" Birkila ya yi dariya har da tafa hannu: "Shekara talatin ina gini, Alhaji, ko katanga ba ta taɓa faɗo mini ba. 'Yan boko ne, komai sai lissafi."

Alhaji ya rufe zancen a gaban leburori: "Kai yaro, hatiminka na saya, ban sayi bakinka ba. Ka buga, an biya ka, sai ka ƙara gaba. In gini ya faɗi, Allah ne ya kawo."

Allah ne ya kawo! To bari mu yi lissafin da ake yi wa dariya. Rodi mai kaurin milimita 16 guda shida da mai 12 guda huɗu ba bambancin rodi biyu ba ne. Ƙarfen da ya rage a cikin ginshiƙin bai kai kashi 40 cikin 100 na abin da aka zana ba. Kuma wannan in mai 12 ɗin na gaskiya ne, don in ka sa ma'auni a kasuwa sau da yawa za ka tarar bai cika ba. Kwaɓin da aka saba, buhun siminti ɗaya mai kilo 50 da kwano huɗu na yashi da takwas na tsakuwa, shi ma an lafta masa yashi, an malala ruwa don ya yi saurin zuba. Ba a gwada ƙasa ba kafin a haƙa harsashi, ba a ɗebi kankaren an kai ɗakin gwaji a kwana 7 da kwana 28 ba. A saman wannan za a ɗora hawa biyu, a zuba 'yan haya da 'ya'yansu.

Ina yaron nan zai kai ƙara? Abin da ke ƙona rai ke nan. Muna da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, tun Doka ta 55 ta 1970. An gyara dokar a 1992, aka sake gyara ta a 2018 har aka ba hukumar ikon gurfanar da masu karya ta. A dokance, wanda ba shi da rajista ba shi da hurumin yin aikin injiniya. A 2023 kuma ta zama cikakkiyar mamba a yarjejeniyar Washinton, wadda ke sa ƙasashe irin su Amurka da Ingila su amince da digirin da ta tantance. Madalla, muna taya murna. Takardar yaron tana da daraja a Landan, amma ba ta iya tsayar da baro ɗaya na kankare a unguwarsu.

Zamanantar da COREN ba ta tsaya ga biyan kuɗin lasisi ta intanet da babban taron shekara a Abuja ba. Kamata ya yi kowane gini mai hawa ya kafa allo da suna da lambar injiniyan da ke kula da shi, yadda mai wucewa zai duba a wayarsa. Kada a zuba dakin sai mai sa ido ya zo ya ƙirga rodi ya sa hannu. Ranar da injiniya ya janye daga aiki, ranar a rufe wurin. A Ikoyi da ke Legas, kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin wani bene mai hawa 21 ya rubuta takardar janyewa tun a 2020. Gini ya ci gaba abinsa, har ya rufta a ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40. Sannan masu sayar da hatimi, waɗanda ke buga wa zanen da ko buɗe shi ba su yi ba, a soke rajistarsu a bayyana sunayensu, don su ne suka koya wa irin su Alhaji cewa hatimi haja ce.

Amma fa COREN ba ta ba da izinin gini, wannan aikin hukumomin tsara birane ne na jihohi, inda takarda ke fitowa da sauri in ambulan ya yi kauri. Kundin ƙa'idar gini na ƙasa yana nan tun 2006, gwamnatoci sun bar shi a kan kanta. Benen titin Beirut a Kano ya faɗi a Agusta 2022. Makaranta ta rufta kan yara suna cikin aji a Jos a Yuli 2024, aka rasa rai 22. Kowane lokaci manya su zo da jiniya, su yi jaje a gaban kyamara, a kafa kwamiti. Mu kuma jama'a, mai kashe miliyoyi a tayil da fenti shi ne zai yi cinikin kuɗin injiniya kamar yana sayen tumatir. Mutum nawa aka ɗaure a kan duk waɗannan gawarwaki? Gwamnati ta fito ta ƙirga mana su.