Kafin a ce mutanen can sun fi na nan, a duba mudun

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san mudun wani gari ba shi ne na wani ba. Idan aka ce buhun can mudu 40 ne, na nan 35, ba ka yanke hukunci sai ka ga abin awon. Wannan hankali na 'yan kasuwa ne ya yi ƙaranci a rahotannin da ake ta kawo mana, masu cewa al'umma kaza ta fi kaza damuwa, ko haƙuri, ko yarda da mutane.

Irin waɗannan halaye ba a ganinsu da ido. Tambayoyi ake yi wa mutum, a ba amsoshinsa maki. Tun 1904 Charles Spearman ya fito da lissafin da ke gano tambayoyin da amsoshinsu ke tafiya tare, alamar hali guda ne ke jan su. Da shi masana a Amurka da Turai suka ce halin ɗan Adam ginshiƙai biyar gare shi. To, a ko'ina haka suke fitowa?

A 2013 Michael Gurven da abokan aikinsa sun wallafa abin da suka samu daga mutum 632 'yan ƙabilar Tsimane a Bolibiya. Biyar ɗin ba su fito ba. Biyu suka bayyana: kyautata wa jama'a da himmar aiki. A 2019 wani nazarin amsoshin mutum sama da 94,000 a ƙasashe 23 masu tasowa ya nuna tambayoyin na rikicewa idan baki da baki aka yi su. Wannan bai ba ni mamaki ba. Matashi ya shiga zaure da waya a hannu, ya ce wa dattijo, "Baba, kai mai yawan magana ne?" Ya ce, "Haka ne, ɗana." Can gaba ya ce, "Kai mai shiru-shiru ne?" Ya sake cewa haka ne. Dattijon bai yi ƙarya ba, baƙo yake girmamawa, amma kwamfuta hali za ta rubuta masa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganin ya daɗe da samuwa. Ledyard Tucker ya ba da ma'aunin kamancin ginshiƙan da aka samu a rukunan mutane biyu a 1951, wanda idan ya kai 0.95 ake ɗauka abu ɗaya aka auna. Karl Jöreskog ya nuna yadda ake gwada rukunan mutane da dama a lokaci guda a 1971, William Meredith ya tsara sharuɗɗan kwatanta su a 1993. Yau ana duba ko tambayoyin sun haɗu iri ɗaya, ko nauyin kowace ɗaya ne, sannan ko awon daga wuri guda ya fara. Sai an haye na ƙarshen nan ake da hurumin cewa waɗannan sun fi waɗancan. Manhajar lavaan kyauta take yin wannan aikin.

Wasu masana na cewa sharuɗɗan sun yi tsauri, da wuya a cika su idan ƙasashe sun yi yawa. Gaskiyarsu, shi ya sa aka samar da hanyoyin sassauci, inda ake ware tambayar da ta bauɗe. Sassauci dai daban, ƙin dubawa daban.

Ɗauki PHQ-9, tambayoyi 9 na auna ciwon damuwa, maki daga 0 zuwa 27, ana fara zargin ciwon daga 10. Cikinsu akwai na barci, na gajiya, da na cin abinci. Matar da ke sansanin 'yan gudun hijira a Borno, mai kwana cikin zafin tanti da 'ya'ya, za ta tara maki ko da wahalar wurin ce ta hana ta barci. Wata kuma ciwon na cin ta, kunya ta hana ta faɗa gaban surukarta. Da irin alƙaluman nan ake iya raba kuɗi da likitoci. Don haka duk ƙungiyar da ta kawo teburin kwatanta jihohi ko ƙasashe, edita ya nemi sakamakon gwajin nan kafin ya buga, malamin jami'a kuma ya nema a wurin ɗalibinsa kafin ya sa hannu a kundin digiri.