Mahaifar roba: ku tsaya ku fahimta kafin ku yanke hukunci

'Yan uwana matasa, bidiyon nan na jarirai jere cikin kwalabe, wai masana'antar haihuwa, ku daina tura shi a matsayin labari. Wani mai shirya bidiyon kimiyya ɗan asalin Yaman ne ya haɗa shi da kwamfuta a 2022. Babu wannan wuri ko'ina a duniya, amma har yau wasunku na tsinuwa a kansa, wasu kuma na murna wai mata sun huta.

Amma akwai binciken gaske kan mahaifar roba. A 2017 ne likitocin asibitin yara na Filadelfiya, a Amurka, suka bayyana yadda suka ciro 'yan raguna daga cikin tumaki tun lokacin haihuwa bai yi ba, suka sa su a jakar roba mai ruwa irin na mahaifa, suka haɗa cibiyarsu da na'urar da ke ba jini iska. Wasu sun yi mako 4 a ciki, gashi ya fito musu, sun buɗe ido. Manufar ita ce ceto bakwainin da ya zo a mako 23 ko 24, huhunsa bai nuna ba. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta zauna kan batun gwada shi a jikin mutum.

Nan ne nauyin yake. Sai an yi wa uwa tiyata kafin a mayar da ɗan cikin jakar. Matar da naƙuda ta zo wa bagatatan, hankalinta a tashe, in ta sa hannu a takarda, yardar gaske ce? Jariran farko kuma da su za a yi gwaji. In sun rayu da naƙasa, wa zai ɗauki alhakin? Ga batun nasaba, wanda tun 1986 majalisar fiƙihu ta duniya ta taƙaita dashen ciki tsakanin miji da matarsa kaɗai. Wannan zancen malamai da likitoci ne, don Allah kada ku ba da fatawa a Facebook.

Abin da ya fi ci mini rai, a asibitocinmu bakwainin wata bakwai, wanda kwalba kawai yake buƙata, yana rasuwa don an ɗauke wuta ko babu gurbi. Ku kai matanku awo da wuri. In bakwaini ya zo, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a lulluɓe, a ba shi nono, a garzaya asibiti.